ALMINIYOM: SUNA ƊAYA, HALI DABAM-DABAM

Wanda ya shiga kasuwar Katako ta birnin Yamai, ko ya bi ta rumfunan maƙeran zubi a Maraɗi da Damagaram da Tawa, zai ga tukwane da ludaya da kasake farare tas, an jera su suna ƙyalli. In ya ɗaga kai sama zai ga wayoyin lantarki bisa turakunsu. In ya dubi sababbin gine-gine zai ga ƙofofi da tagogi masu farin ƙarfe, ga kuma gwangwanin lemo yashe a bakin hanya. Duk waɗannan suna ɗaya ake kiransu da shi, wato alminiyom. Waɗansu kan ce sanholo, waɗansu goran ruwa, da yawa kuma suna ce masa dalma.

Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Ƙarfen tukunya dabam, na waya dabam, na taga dabam, na jirgin sama kuma dabam. Kowanne an yi masa gami da waɗansu ƙarafa domin wani aiki na musamman, kuma in aka ɗora shi kan aikin da ba nasa ba sai ya ba da kunya. Rashin sanin wannan yakan jawo asarar kuɗin hukuma wajen sayen kaya, yakan ɓata wa maƙeri zubi, wani lokaci ma har ya taɓa lafiyar yara. Don haka ya kyautu a fayyace waɗannan ire-iren, a gwada su da juna.

INDA ƘARFEN YA FITO

Babu ƙarfen da ya kai alminiyom yawa a ɓawon ƙasa, gama ya kai wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa. Sai dai ba a samunsa tsantsa kamar yadda ake tsintar zinariya. Yana ɓoye ne cikin wata jar ƙasa da ake kira boksit, wadda ta samo sunanta daga ƙauyen Les Baux na Faransa, inda aka gano ta a 1821. Raba shi da wannan ƙasa ya yi wa masana wuya ƙwarai, har ma a 1855 aka baje ƴan sandunansa a birnin Faris kamar wani abin al'ajabi. Sai a 1886 samari biyu, Paul Héroult a Faransa da Charles Hall a Amurka, kowa a ɓangarensa, suka gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki. Wannan hanya ce ake bi har yau.

Kafin a sami tan 1 na alminiyom sai an haƙo tan 4 zuwa 5 na boksit, an tace shi ya koma tan 2 na farin gari, sa'an nan a sa masa wuta mai yawan gaske. Shi ya sa ake gina masana'antunsa kusa da manyan madatsun ruwa, kamar ta Edeya a Kamaru wadda ta soma aiki a 1957, da ta Tema a Gana wadda ta soma a 1967 da wutar Akosombo. Ƙasar Gine kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa ta duniya ajiyar boksit. Sake narka tsohon ƙarfe ba ya cin fiye da wajen kashi 5 cikin ɗari na wutar da sabo yake ci. Ashe maƙerin da ke tara tarkace yana narkawa ba ƙaramin tattali yake yi wa ƙasa ba.

ABIN DA YA SA AKE GAMI

Alminiyom yana da kyawawan halaye uku. Na farko, ba shi da nauyi: in aka cika mudu ɗaya da shi, aka cika wani da baƙin ƙarfe, na baƙin ƙarfe zai kusa ninka shi uku. Na biyu, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi, ta kare abin da ke ciki. Na uku, wuta da zafi suna ratsa shi da sauri. Yana kuma narkewa a digiri 660, zafin da gawayi da zugazugi ke iya kaiwa.

Aibinsa ɗaya ne, laushi. Ga yadda ake auna ƙarfin ƙarfe. A sami siririyar waya wadda kaurinta ya ɗan ɗara milimita 1, ba ta kai tsinken ashana ba, a rataya mata nauyi har ta tsinke. In ta alminiyom tsantsa ce mai laushi, a wajen kilo 9 za ta tsinke. In ta baƙin ƙarfen gini ce, sai ta kai wajen kilo 40. Domin cike wannan giɓi ake zuba masa ɗan jan ƙarfe, ko tutiya, ko manganiz, ko maganiziyom, ko silisiyom, wanda shi ne abin da ke cikin yashi. Abin da ake zubawa kaɗan ne, sau da yawa bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma yakan canja halin ƙarfen baki ɗaya, kamar yadda ɗan gishiri ke canja miya.

Domin a daina ruɗewa, a 1954 masu masana'antu a Amurka suka tsara lamba mai alƙaluma huɗu ga kowane gami, daga baya sauran ƙasashe suka karɓa. Alƙalamin farko shi ke nuna dangi: 1 tsantsa, 2 jan ƙarfe, 3 manganiz, 4 silisiyom, 5 maganiziyom, 6 maganiziyom da silisiyom tare, 7 tutiya. A takardun da suka zo daga Faransa akan ga tsofaffin sunaye na haruffa, irin su A5, AG3, AGS da AU4G. Za a ambaci kowanne a wurinsa.

MASU SAUƘIN KAI: DANGIN 1000, 3000 DA 5000

Waɗannan dangi uku wuta ba ta ƙara musu ƙarfi. Sai dai a murza su ko a buga su da sanyi, kamar yadda maƙeri ke ƙara wa tasa tauri da guduma.

Dangin 1000 shi ne kusan tsantsa, kashi 99 ko fiye. Daga cikinsa akwai 1050, wanda Faransawa ke kira A5, da 1100. Da su ake yin takardar naɗe abinci da kwanonin da ake matsawa a inji. Akwai kuma 1350 na wayar lantarki. In aka ba jan ƙarfe maki 100 wajen ɗaukar wuta, 1350 yana da maki 61. Amma tun da ba shi da nauyi, wayar alminiyom da za ta ɗauki wuta daidai da ta jan ƙarfe rabin nauyinta kawai take yi. Wannan ne ya sa dogayen layukan da ke ratsa daji na alminiyom ne, sau da yawa da zuciyar baƙin ƙarfe a tsakiya don kada su tsinke.

Dangin 3000 an sa masa manganiz, kashi 1 da ƴan kai. Sanannen cikinsu 3003, ya fi tsantsa ƙarfi da wajen kashi 20 cikin ɗari, in an murza shi yakan riƙe kilo 15. Yana lanƙwasuwa ba gardama, yana karɓar walda, ba ya lalacewa da ruwa. Da shi da ƴan'uwansa ake yin tukwanen kamfani, da kwanon rufi, da jikin gwangwanin lemo.

Dangin 5000 shi ne na maganiziyom. Na 5052 yana da kashi 2 da rabi, yana riƙe wajen kilo 23. Na 5754, wato AG3, yana kusa da shi. Na 5083 yana da kashi 4 da rabi, yana riƙe wajen kilo 30. Wannan dangi ya yi fice wajen jure ruwan gishiri, kuma waldarsa tana da ƙwari, don haka da shi ake ƙera jiragen ruwa da tankunan motocin dakon mai. Sanyi ma ƙara masa ƙarfi yake yi, har ana ajiye iskar gas a cikinsa a digiri 162 ƙasa da sifiri. Sai dai waɗanda maganiziyom ɗinsu ya wuce kashi 3 ba a son su daɗe a zafin da ya haura digiri 65, don suna iya tsagewa. Abin lura kuma, murfin gwangwanin lemo daga wannan dangi yake. Ashe ko gwangwani guda ƙarfe iri biyu ne.

MASU SHAN WUTA: DANGIN 2000, 6000 DA 7000

A 1906 wani masani Bajamushe, Alfred Wilm, yana gwajin alminiyom da aka sa wa jan ƙarfe wajen kashi 4 da ɗan maganiziyom. Ya gasa shi, ya tsoma shi cikin ruwa, ya auna taurinsa, ya ajiye. Da ya sake aunawa bayan kwana biyu sai ya tarar ƙarfen ya ƙara tauri da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Daga baya masana suka gane dalili. Zafi yana sa jan ƙarfe ya narke cikin alminiyom kamar sukari a shayi, sanyin gaggawa ya kulle shi a ciki, sa'an nan a hankali ya riƙa fitowa ƙanana-ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su zama kamar tsakuwa cikin kwaɓin siminti. Wannan gami aka sa wa suna Duralumin, kuma shi ya buɗe ƙofar ƙera jiragen sama na ƙarfe.

Jikokinsa su ne dangin 2000, irin su 2017, wato AU4G, da 2024. Na 2024 yana riƙe wajen kilo 48, ya wuce baƙin ƙarfen gini ke nan, da sulusin nauyinsa. Yana jure yawan jijjiga, shi ya sa ake yin jikin jirgin sama da ƙasan fikafikansa da shi. Amma jan ƙarfen da ya ba shi ƙarfi shi ne ya raunana shi a gaban ruwa. Yakan ci, ya yi ramuka, har sai an lulluɓe shi da siririn alminiyom tsantsa don kariya. Ba ya son walda kuma, don haka ake ganin jikin jirgi cike da kawunan ƙusoshi.

Dangin 7000 ya fi kowa ƙarfi. Kamfanin Sumitomo na Japan ya fito da irinsa a 1936 domin jiragen yaƙi, kamfanin Alcoa na Amurka kuma ya fito da 7075 a 1943. Yana da tutiya wajen kashi 5 da rabi, da maganiziyom, da jan ƙarfe, yana riƙe wajen kilo 57. Amma yana da tsada, ba a yi masa walda ta yau da kullum, kuma in yana ɗauke da kaya cikin laima yakan tsage ba gargaɗi.

Tsakanin waɗannan da masu sauƙin kai akwai dangin 6000, wanda ya fi shiga rayuwar jama'a. Na 6063 da ɗan'uwansa 6060, wato AGS, ana tura su da zafi ta cikin ƙaramar kafa, su fito dogaye da kowace irin siffa, kamar yadda taliya ke fitowa daga injinta. Da su ake yin tagogi da ƙofofi da gefen farantan hasken rana. Suna riƙe kilo 19 zuwa 24, fuskarsu tana da santsi. Na 6061 ya fi su ƙarfi, kilo 31, da shi ake yin tsani da gangar keke da ƙarafan gini. Daga wannan dangi ne kuma wayar nan da ake kira Almelec ta fito.

TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

In aka jera waɗannan alƙaluma za a ga ƙa'ida guda: duk abin da gami ya ƙara ta wani gefe, ya rage shi ta wani. Wajen ɗaukar wuta 1350 yana da maki 61, 6061 yana da wajen 43, 7075 kuwa wajen 33. Wanda ya fi ƙarfi shi ya fi tsoron ruwa, shi ya fi ƙin walda, shi ya fi wuyar lanƙwasawa. Saboda haka tambayar “wanne ya fi kyau?” ba ta da amsa. Tambayar da ta dace ita ce “wane aiki za a sa shi?”

Akwai abubuwa biyu kuma da sukan ruɗi ko masu sana'a. Na farko, haruffan da ke bin lamba. Harafin O yana nufin mai laushi, H wanda aka murza, T4 da T6 waɗanda suka sha wuta. Kafin 6061 ya zama T6 sai an gasa shi a wajen digiri 530, an tsoma shi a ruwa, an sake ɗumama shi a digiri 160 zuwa 175 na sa'o'i da dama. In babu wannan, kilo 12 ko 13 kawai yake riƙewa. To, zafin walda yana warware wannan aiki, sai gefen waldar ya rasa wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa. Wanda ya gyara karyayyen tsani da walda ya sani wurin gyaran ya fi ko'ina rauni.

Na biyu, gami yana ƙara ƙarfi amma ba ya hana lanƙwasa. Sandar alminiyom, kowane iri ce, in aka ɗora mata kaya za ta sunkuya sau uku fiye da ta baƙin ƙarfe mai kaurinta. Maganin wannan ƙarin kauri ne ko canja siffa, ba sayen gami mai tsada ba.

TUKUNYAR MAƘERI

Duk waɗanda aka ambata a sama murza su ake yi ko a tura su. Akwai wani babban rukuni na zubi, kuma sirrinsa silisiyom ne. In silisiyom ya kai kashi 12 da ƴan kai, gamin yana narkewa a digiri 577, yana gudu kamar ruwa, ya cika kowane lungu na yashin zubi, ba ya tsagewa wajen hucewa. Fistan na mota yana da wajen kashi 12, ƙarfen ƙafar mota da ake ɗora taya a kansa yana da wajen kashi 7.

Maƙeran zubi, waɗanda sana'arsu ta yaɗu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun san wannan da hannunsu ko ba su san lambobin ba. Sun fi son kayan injin mota, don zubinsu yana fita sumul. Gwangwani kuwa siriri ne, da yawansa yakan ƙone ya zama datti, abin da ya rage kuma ba ya gudu sosai, gama ba shi da silisiyom.

Haɗarin yana wurin cakuɗawa. Cikin tarkace akwai ƙarafa masu kama da alminiyom waɗanda ba shi ba ne. Akwai gamin tutiya na mariƙin ƙofa da makamantansu, wanda ya fi alminiyom nauyi fiye da ninki biyu, hannu ma yana iya gane shi. Akwai maganiziyom, wanda ya fi alminiyom rashin nauyi, yana kuma kamawa da wata farar wuta wadda ruwa ba ya kashewa. In aka kankare shi aka ɗiga masa ruwan tsami na binegar sai ya yi kumfa, alminiyom kuwa ba ya yi. Baƙin ƙarfe maganaɗisu yana ɗauke shi. Sa'an nan duk tarkacen da ke da laima, in aka jefa shi cikin narkakken ƙarfe, yana iya fashewa ya watsa wa mutane.

Mafi muni duka ita ce dalma ta ainihi. Sunan da ake ara wa alminiyom sunan wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi, mai laushi, mai narkewa a digiri 327, kuma guba ne. Ana samunta a batirin mota, da likin tsofaffin na'urorin sanyaya ruwan inji, da ƴan ƙarafan da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta. Har ma akwai gamin alminiyom, kamar 2011 da 6262, da aka sa wa ƴar dalma da gangan don ya yi sauƙin yanka a inji. Ba don abinci aka yi su ba. Binciken da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru, da wani a 2017 kan tukwanen ƙasashe goma, sun nuna cewa da dama cikinsu suna sakin dalma in aka tafasa abu mai tsami a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma da aka sani ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ba tare da iyaye sun ga alama ba. Abin da ya faru a Zamfara ta Nijeriya a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, daga ƙurar dutsen zinariya ya zo, ba daga tukunya ba, amma ya isa ya nuna irin ɓarnar wannan ƙarfe.

Wannan ba dalili ba ne na ƙyamar tukunyar gida. Sana'a ce mai ciyar da iyalai, mai rage wa ƙasa sayen kaya daga waje. Abin da ake bukata tankaɗe da rairaya ne tun kafin a hura wuta: tarkacen da aka tabbatar da asalinsa, kamar tsofaffin tukwanen kamfani da wayar lantarki da ragowar tagogi, a ware shi domin kayan abinci, wanda ake shakka kuma a yi murhu ko wani abin da ba ya shiga baki da shi.

ABIN DA YA RAGE GA KOWA

Ma'aikacin da ke rubuta takardar sayen kayan hukuma kada ya tsaya ga kalmar alminiyom kaɗai. Ya rubuta lamba, da harafin da ke bin ta, da kauri. Kwanon rufi mai 5/10 na milimita ba ɗaya yake da mai 7/10 ba, ko da farinsu ɗaya, kuma araha ba ta ado. Ya nemi takardar shaida daga ɗan kwangila kafin ya sa hannu.

Magini da mai haɗa wuta su tuna alminiyom ba ya shiri da jan ƙarfe in akwai laima, sai da mahaɗin da aka yi domin haka. Ɗanyen siminti ma yana cinsa. A Amurka, tsakanin 1965 da 1973, an sa wayar alminiyom a gidaje da yawa, mahaɗanta suka riƙa saki suna zafi har da gobara, sai da aka canja gamin da irin mahaɗan.

Uwargida kuma ta sani tsami da kanwa duk suna cin fatar da ke kare ƙarfen. Kada a bar miyar yakuwa ko tumatir ko ruwan tsamiya su kwana cikin tukunyar alminiyom, a juye su a wani mazubi. Tukunyar da cikinta ya yi ramuka ta gama aikinta, a mayar wa maƙeri. Wajen saye kuma ba laifi ba ne a tambayi maƙeri da me ya zuba ta. In masu saye suka yawaita wannan tambaya, masu zubi za su yawaita tsabtace tarkacensu, gama tambaya rabin ilimi ce, rigakafi kuma ya fi magani.